Daga Jos zuwa Kalaba: Bin Sawun Majalisar Biyafara ta 1858

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da alƙalamin magatakarda a majalisar gundumar ikkilisiyarmu, ina rubuta wanda ya halarta, da wanda ya ba da uzuri, da abin da aka zartar. Da aka ɗora mini aikin tattara tarihin majalisar, sai na buɗe tsohon kabad ɗin ofis na tarar gara ta cinye littattafan zama guda uku na farko, ba abin da ta bari sai bango da ƙura. Na kai kukana wurin wani tsohon fasto da ya yi ritaya, wanda ya koyar da ni a makarantar Littafi Mai Tsarki. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce: "Ɗana, in kana so ka san darajar littafin da ke hannunka, ka je Kalaba wurin 'yan Firesbiteriyan. Majalisarsu ta fara zama tun 1858, kuma sunanta na farko Majalisar Biyafara."

Da na ji wannan suna gabana ya faɗi. A gidanmu Biyafara sunan yaƙi ne, yaƙin da ƙanen mahaifiyata ya tafi da kakin soja bai dawo ba, har kakata ta rasu ba ta daina ajiye masa ƙwaryar tuwo ba. Ban taɓa jin an haɗa sunan da majami'a ba. Wannan ne ya sa na nemi hutun kwana takwas a wurin aiki, na ɗaura niyyar ganin wurin da idona.

Na bar Jos ranar Laraba da asuba, a ƙarshen damina, cikin mota mai ɗaukar mutum bakwai, kuɗin mota zuwa Makurɗi naira dubu goma sha biyu. Muka gangara daga tsaunin Filato, sanyi yana raguwa muna cire rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya, muka wuce Akwanga da Lafiya, kafin azahar mun haye gadar Binuwai. Na kwana a Makurɗi wurin wani abokin karatuna, washegari da sassafe na shiga bas mai zuwa Kalaba a kan naira dubu ashirin da biyar.

Kusa da ni akwai wani malamin makaranta Bativi, wanda da ya ji abin da zai kai ni Kalaba sai ya ce ai ba sai na yi nisa ba, domin su ma da dattawa ake mulkin ikkilisiyarsu. Da muka iso Gboko ya nuna mini hanyar Mkar, inda hedkwatar ikkilisiyarsu, NKST, take. Masu bishara daga Afirka ta Kudu ne suka fara aiki a ƙasar Tiv a 1911, ikkilisiyar kuma ta tsaya da ƙafarta a 1957, tana bin tsarin da babu bishop a cikinsa, sai majalisa bisa majalisa har zuwa sinod. Na gode masa, na kuma rubuta abin da ya faɗa, amma a raina na lura cewa majalisar da nake nema ta girmi zuwan waɗannan masu bishara da shekara hamsin da uku.

Jim kaɗan bayan mun fita daga jihar Binuwai muka shiga Kuros Riba, direba ya ce wannan ƙauyen shi ne Gakem. Na roƙe shi ya rage gudu. A nan ne aka yi harbin farko na yaƙin basasa ranar 6 ga Yuli, 1967, makonni biyar bayan an ayyana Jamhuriyar Biyafara ranar 30 ga Mayu. Babu abin da na gani sai gonakin doya da rogo, da mata suna shanya garin kwaki a bakin titi, da yara masu tallar lemo suna bin mota da gudu. Na sayi lemon naira ɗari biyar ta taga don kawai in ce hannuna ya taɓa wani abu na wannan ƙasa, na riƙe shi a cinya har Ogoja ban ɓare ba.

Daga Ogoja zuwa Ikom shingaye suka yawaita, domin iyakar Kamaru tana kusa. Na ƙirga goma sha huɗu kafin na daina ƙirga. A mafi yawansu direba ne kawai yake miƙa hannu mu wuce, amma a ɗaya aka sauke mu duka aka ce kowa ya nuna katin shaidarsa. Wani dattijo mai fataucin albasa, wanda ke zaune a baya, ya rikice yana laluben aljihu, Turanci kuma bai ishe shi ba, sai na yi masa tafinta har ya samo katinsa a cikin hula. Da muka koma mota ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Ina za ka sauka a Kalaba?" Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce, "To, ka sauka a wurinmu."

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan hanya shi ne kurmi. Mu mutanen tudu mun saba ido ya yi tafiya har inda sama ta haɗu da ƙasa, amma daga Ikom, inda muka haye kogin Kuros, itatuwa suka rufe mu hagu da dama, koko da ayaba da kwakwar manja, sa'an nan gandun roba a wajen Akamkpa, layi bayan layi kamar an ja su da igiya. Iska ta yi nauyi, gumi ba ya bushewa. Tsakanin Ugep da Akamkpa wata tirela ta kafe a wurin da ruwa ya cinye titi, muka tsaya sa'a biyu da rabi ana yayyafi, ba gaba ba baya. Ina zaune a wurin na riƙa tunanin mutanen da suka shigo wannan ƙasa ta ruwa, a zamanin da ba titi ba maganin zazzaɓi mai inganci, suka kuma ga ya dace su zauna su naɗa shugaban zama da magatakarda.

Mun shiga Kalaba da ƙarfe tara na dare. Alhajin albasa ya kai ni Bogobiri, unguwar Hausawa, wadda sunanta a kunnena ya yi kama da Bagobiri. Ƙamshin tsire ya tare ni tun daga bakin layi, ga masu shayi, ga 'yan canji, ga rediyo tana Hausa, sai ka rantse kana wata unguwa a Kaduna. Ya haɗa ni da wani ƙaninsa wanda ya samo mini ɗaki a wani ƙaramin masauki a kan naira dubu goma sha biyar kwana ɗaya, da fanka da ruwa a bokiti. Da na faɗa musu cewa ni Kirista ne, tarihin coci na zo nema, Alhaji ya ce, "Baƙo baƙo ne, Malam. Gobe yaro zai raka ka har ƙofar cocin." Haka kuwa aka yi, kuma duk kwanakin da na yi a garin shayin safe a teburinsu na sha, ba su taɓa barin na biya ba.

Majami'ar Duke Town, unguwar da Efik, mutanen Kalaba, ke kira Atakpa, tana kan tudu tana kallon kogi. A jikin allon ƙofa akwai tambarin ikkilisiyar, kurmi mai cin wuta amma bai ƙone ba, wanda Musa ya gani a littafin Fitowa. Na gabatar da takardar da fastonmu ya ba ni, aka ce in jira, can sai ga wani dattijo mai kimanin shekara tamanin, da farar riga da zane ɗaure a ƙugu irin na Efik, yana dogara sanda. Na rusuna na gaishe shi da kalmar da yaron Alhaji ya koya mini a hanya, emesiere, ya yi dariya ya amsa mini da Hausa: "Sannu da zuwa, ɗana." Ashe ya yi shekaru yana aikin jirgin ƙasa a Kafanchan da Zariya kafin 1966. Daga nan na riƙa kiransa Baba, muna haɗa Hausa da Turanci.

Baba ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu, mai baƙin bango, an ɗaure shi da roba domin ɗinkinsa ya saki. A shafin farko ya rubuta shekaru bakwai da jan biro, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: 1846, 1858, 1921, 1945, 1952, 1960, 1987. Tawadar ta ɗan bazu saboda laima, kusurwar shafin kuma ta yi baƙi don yawan taɓawa. Ya ce duk sabon dattijon da aka keɓe a ƙarƙashinsa sai ya haddace waɗannan, ya kuma iya faɗin abin da ya faru a kowace. Ya ɗora yatsa a kan ta farko ya fara.

Abin da ban sani ba shi ne cewa tushen wannan aiki ba daga Turai kai tsaye ya zo ba, daga Jamaika ya biyo. A 1841 majalisar masu bishara 'yan Firesbiteriyan ta Jamaika ta zauna a wani wuri da ake kira Goshen, shekaru kaɗan bayan an 'yanta bayi a tsibirin, ta yanke shawarar a kai bishara ƙasar da aka kwaso kakannin mutanenta. Wato majalisa ce ta haifi majalisa. Hope Waddell, mutumin Ailan da ya daɗe yana aiki a Jamaika, shi ya jagoranci tawagar, suka iso Kalaba cikin jirgin ruwa mai suna Warree ranar 10 ga Afrilu, 1846. Tare da shi akwai Samuel Edgerley mai buga littattafai da matarsa, da 'yan Jamaika, Andrew Chisholm kafinta da Edward Miller. Sarakuna biyu ne suka karɓe su, Eyamba na Biyar a Duke Town da Eyo Honesty na Biyu a Creek Town, attajiran manja waɗanda suke so 'ya'yansu su iya karatu da lissafi don kada Turawan jirgi su riƙa cutarsu a ciniki. Hugh Goldie ya biyo baya a 1847, William Anderson kuma a 1849, dukansu sun yi aiki a Jamaika kafin su zo.

Baba ya bayyana mini tsarin da kalmomi kaɗan, kuma na gane shi nan da nan domin ya yi kama da namu. Kowace ikkilisiya tana da zaman dattawanta tare da fasto, wanda suke kira seshan. Ikkilisiyoyin yanki ɗaya suna aika fasto da dattijo zuwa majalisar gunduma, firesbitari, wadda ita ce take jarraba mai neman aikin fasto, ta keɓe shi, ta saurari ƙarar da ta fi ƙarfin seshan. Sama da ita akwai sinod, sama da sinod akwai babban taro. Ƙuri'ar dattijo manomi daidai take da ta fasto mai digiri, shugaban zama kuma wa'adi gare shi, in ya cika ya koma kujerarsa. Kalmar firesbita kanta daga Helenanci take, ma'anarta dattijo.

A 1858, shekara goma sha biyu da zuwansu, aka kafa Firesbitarin Biyafara. Na tambayi Baba dalilin sunan, sai ya juya sandarsa ya nuna kudu, inda kogin ke gangarawa. Ya ce wannan ɓangare na teku da kogin ke zuba a ciki, a taswirorin Turawa na wancan zamani mashigin Biyafara ake kiransa, daga nan majalisar ta ɗauki suna, kamar yadda za a ce gundumar Binuwai ko ta Gongola. Sai a 1975, bayan yaƙi, gwamnati ta sauya wa mashigin suna zuwa Bonny. Na yi lissafi a zuci: shekara ɗari da tara tsakanin majalisar da harbin Gakem. Na daɗe ban ce komai ba, shi ma bai matsa mini ba.

Shekarar 1858 ta zo da sauyi ta kowane gefe, domin a cikinta Waddell ya bar Kalaba bai sake dawowa aiki ba, a ƙarshenta kuma Sarki Eyo na Biyu ya rasu, mutumin da inuwarsa ta kare mishan duk da cewa shi kansa bai karɓi baftisma ba. A ganina wannan ne ainihin amfanin majalisar: an kafa ta daidai lokacin da manyan mutum biyu da aikin ya jingina a kansu suke barin fage, aikin kuma bai bi su ba. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, na kuma faɗa wa Baba. A ranar da aka kafa ta babu fasto ɗan ƙasa ko ɗaya a cikinta, domin ba a keɓe na farko ba sai 1872. Baba ya gyaɗa kai ya ce in je Creek Town gobe, in ga garin wannan mutum.

Da rana yaron Alhaji ya kai ni wata rumfar abinci kusa da kasuwar Watt, na ci miyar edikang ikong da teba a kan naira dubu uku da ɗari biyar. Ganyen kabewa ne da wani ganye mai laushi, an cika su da manja da busasshen kifi da ƙananan dodon koɗi, ba ruwa a cikinta kamar miyar kuka ko taushe, sai dai ka ɗebo ta kamar dambu. Na fara da tsoro, na gama da suɗe hannu.

Washegari na shiga kwalekwale mai inji daga bakin Marina zuwa Creek Town, naira dubu biyu da ɗari biyar. Ni da ban iya iyo ba, na ƙanƙame rigar ruwan da aka ba ni, matar da ke gefena kuwa tana ɓare gyaɗa da kwandon kifi a ƙafarta. Ruwan ya yi launin shayi, itatuwa sun tsaya a cikinsa a kan saiwoyinsu kamar masu tsoron jiƙa riga. Kafin sa'a guda mun isa. Garin da Efik ke kira Obio Oko ya yi shiru ƙwarai, tsofaffin gidajen katako da kwano sun yi tsatsa, ba ka cewa nan ne fadar attajirin da jiragen Ingila suke jira a bakin kogi.

A nan aka yi wa Esien Esien Ukpabio baftisma a 1853, shi ne na farko a duk aikin, bayan shekara bakwai ana wa'azi. Ya yi koyarwa da wa'azi shekara goma sha tara kafin majalisar ta keɓe shi fasto a 1872. Na zauna a kan benci cikin tsohuwar majami'ar garin, ina duban katakon da gwiwoyi da tafin hannu suka goge har yana sheƙi, ina tunanin ranar da ya fara zama a majalisar a matsayin fasto, aka kira sunansa cikin masu halarta, magatakarda ya rubuta. Shekara ashirin da shida daga zuwan mishan zuwa fasto ɗan ƙasa na farko jinkiri ne, ba na kuma neman wa kowa uzuri a kansa. Sai dai da na waiwayi gida na ga namu bai fi nasu sauri ba: masu bishara sun sauka Wase a 1904, fastocin farko na wannan aiki a Filato, Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, ba a keɓe su ba sai 1938, shekara talatin da huɗu ke nan. Yau kwalejin tauhidin ikkilisiyar da ke Itu sunan Ukpabio take ɗauke da shi, ta Arochukwu kuma sunan Goldie.

Goldie ya yi yawancin rayuwarsa a Creek Town, a nan kuma ya rasu a 1895, shekarar da Waddell da Anderson su ma suka rasu. Shi ya fassara Sabon Alkawari zuwa Efik ya kuma wallafa ƙamus na harshen a 1862, Alexander Robb ya kammala Tsohon Alkawari a 1868. Mu masu karatu da Hausa sai 1932 muka sami cikakken Littafi Mai Tsarki. Wata dattijuwa da ke share harabar ta nuna mini nata na Efik, ta karanta mini aya ɗaya, kalma guda kawai na kama, Abasi, wato Allah.

Maganar da ta fi nauyi a tarihin waɗannan shekaru ita ce ta bayi. Arzikin Kalaba a kan bayi ya ginu, da farko sayar da su ga jiragen Turawa, daga baya aikinsu a gonaki da kwalekwalen manja, har ya zama kusan duk mai hali yana da su. Da masu bayi suka fara neman baftisma a tsakiyar shekarun 1850, sai tambaya ta tashi ko za a karɓe su. Matsayar da aka cimma ita ce mai neman shiga ya sa hannu a kan alkawari cewa zai ɗauki mutanensa a matsayin barori, ba dukiya ba, kuma ba zai sayar da su ba. Na juya wannan a raina a hanyar dawowa cikin kwalekwale. Ba 'yanci ba ne, wanda ke cikin bauta ya kwana ya tashi a cikinta, kuma ina jin zafin haka. Amma na san irin wannan matsaya, domin na sha rubuta irinta da hannuna a kan wasu matsaloli: abin da majalisa ke iya ɗauka a ranar, ba abin da ya kamata ba. Kafin wannan, a 1850, matsin masu bishara da na kyaftin-kyaftin na jiragen ciniki, da goyon bayan Sarki Eyo, ya sa ƙungiyar Ekpe, wadda ita ce hukumar garin a lokacin, ta kafa dokar hana kashe mutane don rakiyar manya zuwa kabari.

Da na dawo daga Creek Town a wannan rana ta Asabar, na zaga cikin Kalaba. Na ga tsohon gidan Razdan na 1884, wanda aka ƙera sassansa a Birtaniya aka kawo cikin jirgi aka harhaɗa, yanzu gidan tarihi ne. Na shiga harabar makarantar Hope Waddell da aka buɗe a 1895, inda Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru, ya yi wani ɓangare na karatunsa, inda kuma Akanu Ibiam ya yi karatu ya dawo ya shugabance ta kafin ya zama gwamnan Jihar Gabas a 1960. Na tsaya a kabarin Mary Slessor, mai bishara 'yar Scotland, ƙarƙashin babban gicciyen dutse a maƙabartar da ke kallon kogi. Ta zo a 1876, ta shiga ƙasar Okoyong da ke arewa da Kalaba a 1888, ta rasu a 1915, kuma kowane yaro a garin ya san ta da ceton tagwaye. Abin da na lura shi ne, duk da wannan suna, a zamaninta mace ba ta zama fasto ko dattijuwar ikkilisiya a wannan tsari, don haka ba ta da ƙuri'a a majalisar da ke mulkin ikkilisiyoyin da ta sha wahala a kansu.

Ranar Lahadi na yi sujada a Duke Town. Kafin a fara, dattawa suka shigo a jere tare da fasto, kusan rabinsu mata, suka zauna a gaba suna fuskantar jama'a. Waƙoƙin da Efik ake yi, amma muryoyin wasu na san su sarai daga littafin waƙoƙinmu, sai na bi su da Hausa a hankali, matar da ke kusa da ni ta juyo ta yi murmushi ta matso mini da littafinta. Bayan an tashi Baba ya gaya mini cewa tun 1982 ikkilisiyar ta keɓe mace ta farko fasto, Mgbeke Okore, sa'an nan ya ja ni ƙarƙashin wata bishiya ya sake buɗe ɗan littafinsa don mu ƙarasa sauran shekarun.

Bayan yaƙin Aro na 1901 zuwa 1902, wanda Turawan Ingila suka yi da mutanen Arochukwu, aikin ya bazu ya haye kogi zuwa ƙasar Ibibiyo da ta Ibo, Itu da Arochukwu da Ohafia da Uburu, har majalisa ɗaya ta kasa ɗauka, sai aka kafa Sinod na Biyafara a 1921. A 1945 aka tsara Ikkilisiyar Firesbiteriyan ta Biyafara da sinod a matsayin majalisar ƙoli. A 1952 aka sauya suna zuwa ta Gabashin Nijeriya, a 1960 kuma, shekarar 'yancin kai, ta zama ta Nijeriya. Cikin waɗannan shekaru ne ragamar kuɗi da makarantu da asibitoci, wadda ta daɗe a hannun majalisar mishan ta Turawa, ta riƙa komawa hannun 'yan ƙasa, 'yan Firesbiteriyan na Kanada kuma suka shigo taimako daga 1954. A 1987 aka kafa babban taro, aka rarraba ƙasar zuwa sinod na yankuna, har da na Arewa, wanda majami'unsu na garuruwanmu suke ƙarƙashinsa. Wato ikkilisiyar ta ajiye sunan Biyafara shekara goma sha biyar kafin a ɗora shi a kan tuta.

Na tambaye shi yaƙin. Ya rufe littafin ya mayar da robar. Ya ce sojojin tarayya sun karɓi Kalaba a Oktoban 1967, daga ranar kuma ikkilisiya ɗaya ta rabu biyu, 'yan majalisa ɗaya wasu a wannan gefen wuta wasu a wancan, ba mai jin labarin wani har Janairun 1970. Ya ce shi kansa ya baro Zariya a 1966 da akwati ɗaya, wani maƙwabcinsa Bahaushe ne ya ɓoye shi kwana biyu ya kuma raka shi tasha. Sai na gaya masa labarin kawuna da ƙwaryar tuwon kakata, abin da ban yi niyyar faɗa wa kowa a garin ba. Ya kama hannuna da hannuwansa biyu, ya tambayi sunan kawun, ya maimaita shi sau biyu don ya riƙe. Ya ce da aka sake zama bayan yaƙi, abin da aka fara yi shi ne abin da ake fara yi kullum, kiran suna, sai dai a wannan karon sunaye da yawa ba a amsa ba. Na san yadda ake barin sarari a gaban sunan wanda bai zo ba, amma ban taɓa tunanin shafi irin wannan ba.

Na ce masa, "Baba, ka ba ni izini in kwafi shafin nan." Ya miƙo mini littafin, na kwafe shekarun bakwai a bayan takardar fastonmu, ya duba ya ga ban yi kuskure ba. Na ce sosongo, wato na gode, ya ce, "Ka gai da mutanen Jos. Allah ya kiyaye hanya."

Ranar Litinin Alhaji ya sa aka raka ni tasha, ya cusa mini ƙullin busasshen kifi da galan ɗin manja ya ce na uwargida ne, na yi godiya har na rasa abin faɗa. Dawowa ba ta da labari, sai dai da muka zo Gakem da yamma na sake roƙon direba ya rage gudu, na yi wa kawuna addu'a da sunansa. Na kwana Makurɗi, na iso Jos ranar Talata da la'asar, jimillar abin da na kashe ya kai naira dubu ɗari da sittin.

Washegari na shiga kasuwa na sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo da maganin gara, na kwashe littattafan zamanmu da suka rage guda tara na jera a ciki bisa shekarunsu. A zaman majalisa na gaba na nemi izini in ziyarci dattawa huɗu da suka rage cikin waɗanda suka halarci zaman farko, in rubuta abin da suke tunawa na littattafai ukun da suka salwanta. An amince ba tare da musu ba, na rubuta amincewar a shafi na 212. Na fara da mafi tsufansu ranar Asabar da ta biyo baya, a ƙauyensa, kuma abin da ya fara ba ni shi ne sunayen mutum goma sha ɗaya da suka zauna a ranar, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya makara saboda kekensa ya yi faci.